Mu Biyu a Kujerar Direba

Wata bakwai na yi ina tuƙa motar haya daga Jibiya zuwa Maraɗi ba tare da ko mutum ɗaya cikin mazan tasharmu ya sani ba. Ban naɗa rawani ba, ban manna gemu ba, hijabina ma ruwan hoda ne da ake hangowa tun daga bakin kasuwa. A gabansu nake shiga motar, a gabansu nake fita da ita daga tasha, su kuwa suna ɗaga wa Babana hannu suna cewa, "Allah ya kiyaye hanya, direba." Har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tsaki.

Mu biyar Inna ta haifa, duk mata, ni ce babba. Baba direba ne, yana da wata tsohuwar Golf da ba ta tashi da safe sai an tura. Maƙwabta sun tura har sun gaji, da sun ji ya buɗe ƙyaure sai kowa ya tuna yana da uzuri a bayan gida. Ina 'yar shekara goma sha uku ya dube ni ya dubi motar, ya ce in shiga in taka kuloci, in ya ce "saki" in saki. Shi ya tura, ni na tayar. Daga tayarwa aka koma juya ta a ƙofar gida, daga nan sai kai taki gonarmu ta wajen Gangara, inda babu mai ganinmu sai awaki. Duk ranar da na yi abin kirki, na fitar da ita daga yashi ko na yi ribas tsakanin rumbuna biyu, sai ya girgiza kai ya ce, "Kai, ɗiyar nan, da ke namiji ce." Nan yake tsayawa, bai taɓa ƙarasawa ba. A wurinsa yabo ne, ni kuwa maganar tana yi mini ciwo, ban dai taɓa gaya masa ba.

Lasisi ma da ƙafata na je Katsina na yi, bayan aurena ya mutu na dawo gida. Na ce wa Inna asibiti za ni. Ban san ranar amfaninsa ba, na dai naɗe shi a leda na jefa ƙasan akwati.

A tasharmu kowane direba da lambarsa a layi, an rubuta a wani allo ƙarƙashin rumfa. Baba ne lamba bakwai, shekara da shekaru. In ba ka da lamba, ko motarka sabuwa ce fil, sai dai ka yi ta shawagi a bakin titi kana farautar fasinja, 'yan kamasho suna korarka. Ƙa'idar kuwa ita ce, motar da ta yi Lahadi uku a jere ba ta yi lodi ba, Lahadi kuwa ita ce ranar kasuwar Jibiya, to a share lambarta a ba wani. Direba in ya tsufa ko ya rasu, ɗansa namiji ko ƙanensa ke gadon lambar. Baba ba shi da ko ɗaya.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari ya ɓoye, ya ce gilashin motar ne ya dushe, ya sa ni wanke shi sau uku a rana. Ranar da ya yi wa turmin Inna sallama a tsakar gida, ya tsaya yana jiran a amsa, ranar muka san magana ta girma. Asibiti suka ce aiki za a yi, amma ba yanzu ba, kuma ba kyauta ba. Lahadi ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, mota na kwance. Ƙannena biyu suna makaranta, geron rumbu ya kusa ƙasa. Na ji tsoro ƙwarai, don duk abin da muke ci a gidan daga lambar nan yake fitowa.

Inna ce ta kawo dabarar. Tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba, ta ce, "Wai ba mutum biyu ke zama a kujerar direba ba?"

Duk wanda ya taɓa shiga motar layin boda ya san tsarin. Huɗu a baya, biyu a gaba, na bakwai kuma ya raba kujera da direba, direba a manne da ƙofa, fasinjan a ciki wajen giya.

Ta ce da Baba, "Kai ka zauna bakin ƙofa ka fito da gwiwar hannu. Ita ta zauna ciki. Wa zai leƙa ƙasa ya ga ƙafar wa ke kan birki?"

Baba ya ce, "Ke kin san mi kike faɗi? In aka gane, da wane ido zan dubi mutane?"

Inna ta ce, "Da wanne kake dubansu yanzu?"

Washegari Inna ta sa aka ɗinka mini hijabi mai faɗi har ƙasa, wanda zai rufe hannuwana da rabin sitiyari. Aka baza cewa bazawarar gidan ta fara sarin atamfa a Maraɗi. Da muka shiga tasha ranar Lahadi ta uku, babu wanda ya yi mamakin ganina a kujerar direba, ai ba namijin da ya dace ya matsu da ni a nan sai ubana. Har yaba wa Baba suka yi, wai dattijo ne mai kishin iyali.

Aikin Baba uku ne. Ya ɗora hannu ɗaya a saman sitiyari, ya danna hon, ya gaisa da mutane. Ni ke da ƙasan sitiyari, da giya, da duk abin da ake takawa. In na zungure shi da gwiwa sau ɗaya, to akwai jami'i ko sananne a hagu, ya ɗaga hannu. Sau biyu, hon. Shi kuma ya san hanyar da jikinsa, kafin mu kai rami sai in ji ya ce a hankali, kamar mai tasbihi, "Dama, dama, ɗiya." Da haka muke wuce Magama, mu tsaya a shinge a duba takardu, mu tsallaka Ɗan Isa inda jandarmomi suka san shi tun yana da baƙin gemu, su gaishe shi da Faransanci su ce, "Tsoho, sa ba?" ya ce, "Sa ba lau."

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata rana na faɗa rami, gwiwata ta buge shi ba da niyya ba. Nan take ya leƙa ta taga ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka shi daɗe, an wuni lahiya?" Jaki ne tsaye bakin hanya da buhunan gawayi. Sai na ji wani fasinja a baya yana cewa, "Kun gani ko? Mutanen da ke nan. Ko dabba ba sa rainawa."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da Baba ya fara sha. Da can an san shi da gaggawa da taka birki kamar mai kashe kunama. Yanzu sai ga mutane suna barin motar da ke lodi su jira lamba bakwai, wai tuƙin dattijon ya nuna, tsufa ya sa masa natsuwa. Shi kuwa sai ya gyara hula ya ce, "Ai abin sai an daɗe ana yi." Ina gefensa ƙafata ta yi tsami, ƙuguna a karkace, ko sannu babu.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da ciyaman na tasharmu ya shigo. Motarsa ce ta lalace, yana da biki a Maraɗi. Mutum ne mai jiki da murya, ya cinye kujerar gaba shi kaɗai. Muna wuce Magama wata mota ta gifta, mace ke tuƙa ta, irin matan ofis ɗin nan. Shi ke nan hira ta samu. Ciyaman ya ce tuƙin cikin gari daban, hanya daban. Ya ce mace zuciyarta ba ta da nauyi, in ta ga tirela ta nufo ta sai ta saki sitiyari ta rufe ido ta kama salati. Wani ya ce ƙafarsu ma ba ta kai totur. Wani ya ce ba haka aka halicce su ba.

Allah da ikonsa, sai ga tirela a gabanmu, wata kuma tana tahowa can nesa. Na auna, na sauke giya, na fita, na wuce ta na koma hannuna sumul. Wanda ya rufe ido ya kama salati a motar nan mutum ɗaya ne, shi ne mai hannu a saman sitiyari. Ciyaman ya buga cinya ya ce, "Ka ji tuƙin maza. Dattijo, wannan hannun naka ko a gwamnati sai an tona." Ban san lokacin da na taka birki ba, ba rami, ba akuya. Hularsa ta tashi ta faɗa kan gilashi. Baba ya yi maza ya ce, "Hawainiya ce ta gitta." Ciyaman ya ce wallahi shi ma ya gan ta.

A cikin watannin nan na yi ta juya abin a raina. Rabin fasinjanmu, kai fiye da rabi, mata ne. Mace ta ɗauko buhun kuka a ka tun daga ƙauyen Kusa ta kawo kasuwa, babu mai cewa ya yi mata nauyi. Ta yi ciniki da naira ta juya shi sefa a ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa, babu mai cewa ƙwaƙwalwarta ƙarama ce. Amma sitiyarin da ake juyawa da yatsa biyu, shi ne ya fi ƙarfinta. Ba a koya wa yarinya, sannan in ta girma a nuna ta a ce kun gani, ba ta iya ba. Ni ma da maƙwabtanmu ba su gaji da turi ba, da yau ina cikin masu cewa ba aikinmu ba ne.

Asirinmu a Magama ya tonu, wata Lahadi da hantsi. An kawo sabon jami'i a shinge wanda bai san Baba ba, ya ce direba ya sauko ya buɗe but. Baba ya sauka, yana shafa jikin motar har ya kai baya ya buɗe. A gabanmu kuwa akwai wata babbar mota shaƙe da albasa, an sa mata dutse a taya. Dutsen ya goce. Na ga bayanta yana tahowa kanmu a hankali, mutane suna ihu. Baya ba dama, Baba na can. Sai na zame tsakiyar kujera, na murza sitiyari, na fice ta hagu na tsaya can gefe. Motar albasar ta gangaro ta tsaya daidai inda muka bari.

Da na waiwaya, sai ga Baba tsaye a fili, an ja shi gefe bai ma san dalili ba, hannunsa a sama kamar har yanzu yana riƙe da murfin but, yana ci gaba da yi wa jami'in bayanin abin da ke cikin kwalaye. Jami'in ya dubi Baba, ya dubi motar, ya tako ya leƙo.

"Hajiya, waye direban motar nan?"

Na ciro lasisina daga leda na miƙa masa. Ya duba hoton, ya dube ni, ya ce takarda ta cika. Sannan ya nuna Baba da baki ya ce, "To shi dattijon fa?"

Na ce, "Babana ne."

Ya ce, "To a kula da shi." Ya buɗe mana shinge. Hukuma ba ta ga laifina ba, amma direbobin tasharmu uku suna layi a bayanmu, bakinsu a buɗe. Daga nan har Maraɗi Baba bai danna hon ko sau ɗaya ba, na kuma ji tausayinsa har na ƙi kallon gefensa.

Ranar Litinin bayan la'asar aka kira taro a rumfa. Ni aka ce in tsaya daga waje, mata ba sa shiga. Magana a kaina ake, amma ta bayan zana nake saurare. Ciyaman ya fara da cewa an ci amanar ƙungiya. Baba ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ba na gani. Wata bakwai ke nan ba na bambance mutum da turmi. Duk tuƙin da kuka yaba, nata ne. Kai ma da ka ce ko a gwamnati sai an tona, da ita kake." Wani a baya ya kasa riƙe dariya.

Na leƙa ta saman zana na ce, "Ciyaman, a ina aka rubuta mace ba ta riƙe lamba?" Ya ce sakatare ya duba littafi. Sakatare ya buɗe daga farko zuwa ƙarshe, ya dawo daga ƙarshe zuwa farko, har da lasar yatsa. Babu. Ciyaman ya ce, "Ba sai an rubuta ba. Haka muka tarar." Aka tambayi wanda ya fi kowa tsufa wa ya kafa dokar, ya ce shi ma tarar da ita ya yi. A kan haka suka yanke cewa Lahadi mai zuwa za a share lamba bakwai. Na koma gida ina kuka, kukan haushi ba na nadama ba.

Abin da ban sani ba shi ne akwai masu ido a kujerar baya. Cikin matan da ke bin motarmu akwai wata Hajiya mai kai ƙwan zabi Maraɗi, dattijuwa, ita ce uwar matan layin, kuma yayar ciyaman ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar Lahadi na kai motar tasha don in ga ƙarshen abin da idona. Sai na tarar da mata sun fi talatin zaune a kan kayansu a tsakiyar fili. Motar lamba ɗaya a buɗe, 'yan kamasho suna ta "Maraɗi, Maraɗi, saura mutum biyu," babu wadda ta motsa. Wata ma ta fito da gyaɗa tana ɓarewa.

Ciyaman ya fito ya ce, "Yaya, mi ke nan haka?"

Ta ce, "Lamba bakwai muke jira."

"Yaya, ba ki san abin da ya faru ba. Yarinyar nan ce ke tuƙi a ɓoye."

Ta ce, "Kai ne ba ka sani ba. Mu tun sati na biyu muka gane. Shekara nawa ina bin motar dattijon nan, ƙwaina bai taɓa isa Maraɗi cikakke ba sai bana. Muka leƙa muka ga ƙafa da lalle a kan birki, muka ja bakinmu muka yi shiru."

Ya ce ai al'ada ce. Ta ce, "Ni na goye ka daga Mazanya zuwa asibitin garin nan kana ƙyanda, a ƙafa, lokacin ba ka ce aikin maza ba ne. Ka share lambar. Mu ma ƙafafunmu suna nan, ga kuma masu babur."

Rana ta take, kasuwa tana ci, mota shida a jere babu lodi. Direbobin da suka fi kowa zafi ranar Litinin su suka fara jan ciyaman gefe suna raɗa. Kafin azahar aka fito da sulhu. Lamba bakwai tana nan, amma da sunan Baba. Ni zan tuƙa, amma sai yana cikin motar, kuma har zuwa ranar da idonsa zai warke. Rumfa dai ba zan shiga ba. Ban ji daɗin sharaɗin ba, amma da babu gara ba daɗi, na karɓa. Baba ya koma kujerar gaba, na sami kujerar direba ni kaɗai, ranar na san ashe motar nan tana da faɗi.

Ba kowa ya haƙura ba. Akwai mazan da in sun leƙo suka gan ni sai su janye ƙafa su ce sun yi mantuwa. Wani malami ya shiga, amma tun daga tasha har Ɗan Isa bai daina addu'a da ƙarfi ba, da muka isa kuma ya ce addu'arsa ce ta kawo mu. Na ce Allah ya saka da alheri. A gefe guda kuma wani direba, cikin waɗanda suka ɗaga hannu a share mu, ya same ni a gidan mai, ya duba hagu ya duba dama, ya ce ko zan riƙa nuna wa ɗiyarsa tuƙi in na sami sarari.

Bayan damina aka yi wa Baba aikin ido ɗaya, aka dace. Abin da ya fara faɗa da aka cire bandeji shi ne Inna ta tsufa, ita kuma ta ce da ma an bar shi yadda yake. Na yi murna har zuciyata, amma ban ɓoye wa kaina ba, ina tsoron rasa kujerar. Sharaɗi ya cika. Ranar Asabar na wanke motar, na ajiye makulli a kan tabarmarsa.

Da safe shi ya tuƙa mu zuwa tasha, ni a gefe. Direbobi suka taso ana ta barka. Ciyaman ya rungume shi ya ce, "Alhamdulillahi, direba ya dawo, kowa ya koma mazauninsa." Aka yi lodi. Na tattara hijabina zan tafi gida.

Baba ya tsaya a ƙofar direba da makulli a hannu. Ya daɗe yana kallon kujerar. Sannan ya zagaya ta gaban motar, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna, ya miƙo mini makullin ta taga a gaban kowa.

Ciyaman ya ce, "Dattijo, ai kana gani yanzu."

Ya ce, "Shi ya sa. Da can jinta nake yi, yanzu so nake in gani. Sakatare, ga alli can, ka gyara allon nan."

Sakatare ya dubi ciyaman, ciyaman ya dubi yayarsa da ke zaune a baya da kwandon ƙwai a cinya, sannan ya dubi sama. Aka goge sunan Baba aka rubuta nawa, da ƙananan baƙaƙe, amma ana karantawa.

Muka kama hanya har muka wuce Magama. A nan ne na kauce wa wani rami ba tare da ya ce mini komai ba. Na ji ya ja numfashi ya fara, "Kai, ɗiyar nan, da ke..." Can ya ce, "Shekara ashirin ina gaya miki maganar banza. Ki yafe mini."

Hanya ta fara yi mini ruwa-ruwa a ido, ga tirela a gaba. Na share fuska da gefen hijabi na ce, "Na yafe, Baba. Amma cire hannunka daga kan hon ɗina."